Kira ga Hukumomin Ilimi: A Buɗe wa Yaranmu Hanyar Wasiƙa Zuwa Maraɗi

Zuwa ga Ma'aikatar Ilimin Firamare da Sakandare ta Jihar Katsina, da Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, da shugabannin gidan waya na NIPOST, da kuma takwarorinsu masu kula da ilimi a Jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar.

 

Ina neman izinin gabatar da wata ƙaramar buƙata. Ni malamin firamare ne, na haura shekara 20 da alli a hannu, a wata makaranta da ba ta da nisa da bakin iyaka. Ba aji nake roƙon a gina mana ba yau, ba kuma kujeru ba, ko da yake muna bukatarsu. Roƙona shi ne a ba da izini, a kuma tsara hanya, yaran makarantunmu su riƙa musayar wasiƙa da yaran makarantun Nijar, aji da aji, a ƙarƙashin idon malamai.

Bari in fara da abin da ya tayar mini da wannan magana. Kowace shekara idan muka zo darasin rubutun wasiƙa a aji biyar, nakan zana fasalinta a allo: adireshi a sama ta hannun dama, kwanan wata a ƙarƙashinsa, sai gaisuwa, sai gundarin saƙo, sai rufewa. Daga nan in ce kowa ya rubuta wa abokinsa da ke wani gari, ya ba shi labarin yadda aka yi Sallah. Wata shekara wani yaro da ke zama a bencin baya ya ɗaga hannu.

"Malam, wa zai karanta?"

Na ce, "Ni mana."

Ya ce, "To ai kai ka san yadda muka yi Sallah, Malam. Tare muka je Idi."

'Yan aji suka yi dariya, ni kuwa na rasa amsa, domin gaskiya yaron ya faɗa. Shekara da shekaru muna sa yara su rubuta wa abokin da babu shi, a garin da ba su taɓa gani ba, su kawo mana mu shafa jan biro mu mayar musu. Wasiƙar ba ta fita daga littafin rubutu. Ba a liƙa mata kan sarki, ba wanda ke jiran isowarta, ba ta da amsa. Haka suke tafiya har su kai ga jarrabawar WAEC da NECO, inda za a sake cewa su rubuta wa wani kawu na ƙirƙira. Shi ya sa za ka tarar da wasiƙu 60 duk sun fara da jimla ɗaya, sun ƙare da jimla ɗaya. Yaro ya haddace fasali, amma bai taɓa jin yana da abin da zai faɗa wa wani ba.

Tambayar yaron nan ta daɗe tana cin raina. Ina da ɗan'uwa ta wajen uwa da ke koyarwa a wata makaranta a ƙasar Maraɗi, sai na kira shi muka yi shawara. Na sa 'yan ajina kowa ya rubuta rabin shafi da Hausa, ya faɗi sunansa na yanka kawai, da abin da ake nomawa a garinsu, da wasan da ya fi so. Na karanta duka, na zuba a babban ambulan, na ba wani direban motar haya da muka saba. Aka yi mako uku shiru, har yara suka gaji da tambaya. Ranar wata Talata direban ya tsaya a bakin titi ya aiko mini da ambulan mai ruwan ƙasa, gefensa ya yi maiƙo saboda zaman gaban mota.

Ban taɓa ganin ajina ya yi tsit irin na ranar ba. Takardun da suka fito daga ambulan ɗin ba irin namu ba ne, masu layi ne gida-gida kamar raga, rubutun kuma a sarƙe yake, harafi na riƙe da harafi, irin yadda ake koyarwa a makarantun da suka gaji tsarin Faransa. Na buɗe ta farko na karanta da ƙarfi. Yaron ya ce suna nan lahiya lau, ya ce lakwal ɗinsu tana kusa da kasuwa, sannan ya ce mushensu yana gaishe mu. Nan aji ya kaure. Wata yarinya ta riƙe baki tana cewa, "Malam, mushe kuma?" Sai da na bari suka lafa, na bayyana musu cewa a can malamin boko ake kira mushe, kalmar daga Faransanci aka aro ta, kamar yadda mu muka aro tebur da bokiti daga Turanci. Lakwal ita ce makaranta, kaye shi ne littafin rubutu. Wani ya rubuta cewa ya sayi biro dala ashirin, muka yi lissafi a allo cewa dala ɗaya sefa 5 ce, ashe yana nufin sefa 100. Wata ta rubuta kalmar 'ya'ya da wani harafi mai ƙugiya a kai, ƴ, wanda yarana ba su taɓa gani ba, alhali ɓ da ɗ da ƙ duk iri ɗaya muke rubuta su. A zama ɗaya muka yi darasin Hausa da lissafi da tarihi da labarin ƙasa, ba wanda ya yi hamma.

Yaron nan na bencin baya, wanda da ƙyar nake samun layi uku a hannunsa, shi ne ya biyo ni bayan an tashi yana neman ƙarin takarda. Ya ce abokinsa ya tambaye shi yadda ake yin langa a garinmu, kuma shafi ɗaya ba zai isa ba. Ya kawo mini abin da ya rubuta sau biyu in duba masa kuskure, wai kada a ce 'yan Najeriya ba su iya Hausa ba. Abin da bulala da jan biro suka kasa sa shi a shekara biyar, kunyar abokin da bai taɓa gani ba ta sa shi a kwana biyu.

Sau uku muka yi wannan musaya, sai ta tsaya. Wani uba ya zo ya tambaya, cikin ladabi, da izinin wa ake aika rubutun ɗansa wata ƙasa. Tambaya ce mai kyau, kuma ba ni da takardar da zan nuna masa. Ana cikin haka aka yi juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, aka rufe iyaka, direbanmu ya koma wata hanya. An buɗe iyakar a Maris na 2024, amma ban sake farawa ba. Na fahimci cewa abin da ya shafi 'ya'yan mutane da ƙasa biyu bai kamata ya rataya a wuyan malami ɗaya da direba ɗaya ba. Dalilin wannan takarda ke nan.

Ranku ya daɗe, kun fi ni sanin abin da ke tsakanin Katsina da Maraɗi. Tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba ta hanyar Jibiya. A farkon ƙarni na 19, bayan jihadi, gidan sarautar Katsina na dauri ya yi arewa ya kafu a Maraɗi, har yau kuma sarkin can Sarkin Katsina ake ce masa. Gobirawa suna Tsibiri. Layin da ya raba mu Ingila da Faransa ne suka shata shi a yarjejeniyoyinsu na 1898 da 1904 da 1906, ba tare da sun tambayi kowa ba, ya kuma miƙe kusan kilomita 1,500, yana ratsa gonaki da dangi. A ajina da wuya ka sami yaron da ba shi da kaka ko gwaggo ko kawu a tsallake. Amma ka tambaye su me suka sani game da Nijar, sai su ce maka raƙuma da dabino da sojoji. Iyayensu sun san hanyar Maraɗi da ƙafa, sun ci kasuwa, sun je biki da ta'aziyya. Su kuwa sun taso a zamanin da hanya ta yi tsada ta kuma yi hatsari, an rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa a 2023, daga baya Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. To idan ƙafa ta kasa zuwa, ai takarda tana iya zuwa.

Ba baƙon abu nake kawowa ba. Ƙasar nan ta san wasiƙa tun kafin gidan waya. A ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Jalaluddin Suyuɗi ya aiko da takardar nasiha daga Masar zuwa ga sarakunan Katsina da Agadas. Muhammadu Bello da Shehu Al-Kanemi na Borno sun yi muhawara mai zafi ta hanyar wasiƙa, ana karanta ta har gobe. Da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya a 1939, masu karatu sun riƙa aika mata takardu daga ko'ina. Mu da muka taso da rediyo a kunne mun san daɗin jin an karanta katin gaisuwarka a Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna, ko an amsa tambayarka a sashen Hausa na BBC, ka ji sunan garinku tare da na Damagaram da Kumasi da Garwa a shiri ɗaya. A wurin da yawa daga cikinmu, nan muka fara sanin cewa Hausa ta fi ƙasarmu faɗi. Wannan jin ne nake so yaranmu su ɗanɗana, da hannunsu.

Duniya ma ba ta raina wasiƙar yaro ba. Ƙungiyar gidajen waya ta duniya, UPU, wadda aka kafa a birnin Bern a 1874, tana shirya gasar rubutun wasiƙa ta yaran da ba su wuce shekara 15 ba tun 1971, kuma NIPOST ce ke gudanar da zagayen Najeriya. A 1982 wata yarinya 'yar shekara 10 a Amurka, Samantha Smith, ta rubuta wa shugaban Tarayyar Sobiyet Yuri Andropov tana tambayarsa ko za a yi yaƙin nukiliya. Ya amsa mata, ya gayyace ta, ta je a 1983, a lokacin da manyan ƙasashen biyu ba sa ga-maciji. Mu da Nijar ba mu kai can ba, Allah kada ya kai mu. Amma labarin ya nuna cewa inda manya suka ɗaure fuska, yaro yana iya yin sallama a amsa masa.

Na san za a ce, me ya sa Nijar, ga makarantun Ingila da Amurka masu neman abokan wasiƙa a Afirka? Ba na ƙin wannan, wanda ya samu ya yi. Sai dai na ga yadda irin wannan abota takan karkace. Yaronmu yana rubutu da Turancin da bai ƙware ba, yana jin kansa a ƙasa, kafin wasiƙa ta uku ya fara roƙon ƙwallo ko waya, ɗayan kuma ya koyi kallonsa da idon tausayi. Tsakanin yaron Jibiya da yaron Madarunfa babu mai ba wani sadaka. Gero ɗaya suke ci, damina ɗaya suke jira, kowa yana da abin da zai koya wa ɗan'uwansa, kuma da harshen da suke mafarki da shi za su yi magana. Idan abin ya kankama, ba laifi a ƙara 'yan layuka a ƙasan takarda, namu su gwada Faransancin da ake koya musu, nasu su gwada Turanci, kowa ya gyara wa wani. Lokacin ma ya dace, domin kundin da Nijar ta kafa a Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Turanci da Faransanci kuma harsunan aiki.

Akwai wata matsala ta gaske da ba zan ɓoye ba. Yara da yawa a can da Faransanci aka fara musu karatu, ba su saba rubuta Hausa da boko ba. A wasiƙun da muka samu akwai wanda ya rubuta sautin u da haruffa biyu, o da u, irin na Faransanci, sai da muka yi ta lalube. Amma Nijar tana da makarantu masu koyarwa da harshe biyu tun gwajin farko da aka yi a Damagaram a 1973, da irinsu za a fara. Wanda kuma ya fi sakewa da ajami, a bar shi ya rubuta da ajami, ai allo ɗaya muka gada, kuma malaman Arabiyya za su iya taimakawa.

Za a kuma ce zamanin wasiƙa ya wuce, ga WhatsApp. Ranku ya daɗe, yawancin 'yan aji biyar a karkara ba su da waya, kuma ban ga uban da zai so a haɗa 'yarsa mai shekara 11 da baƙo ta waya ba. Takarda tana bi ta hannun malami, ana karanta ta, ana iya ajiye ta. Ba ta bukatar caji ko data. Saƙon murya ba ya koya wa yaro inda ake sa aya. Jiran nan na mako uku ma wani darasi ne. A cikinsa yaro yake tunanin abin da zai faɗa, ya tambayi kakarsa sunan unguwar da ta fito, ya zo da shi a rubuce.

Saboda haka ga abin da nake roƙo. A fara da gwaji ƙarami na shekara ɗaya, makarantu kamar goma a ƙananan hukumomin bakin iyaka irin su Jibiya da Kaita da Mai'aduwa, kowace a haɗa ta da makaranta ɗaya a tsallake, 'yan aji biyar da shida namu da 'yan CM1 da CM2 nasu. Ma'aikata ta fitar da takardar izini a rubuce wadda shugaban makaranta zai nuna wa iyaye, kuma kada a sa yaro sai da yardar mahaifinsa ko mai riƙonsa. Wannan takardar ita ce ginshiƙin komai, ita ce na rasa ranar da uban nan ya zo.

A gindaya sharuɗɗa tun farko, a karanta wa yara da iyaye. Adireshin makaranta kaɗai za a yi amfani da shi, ba na gida ba, ba lambar waya. Malami a nan ya karanta kafin a rufe ambulan, malami a can ya karanta kafin a raba. Maza su rubuta wa maza, mata su rubuta wa mata, don hankalin iyaye ya kwanta. Ba roƙo, ba aika kuɗi, ba maganar siyasa ko ta sojoji. Ba na kuma neman a ɗauki yaro ko ɗaya a kai shi ziyara a halin da hanyoyinmu suke ciki. Takarda ce za ta yi tafiya, yara suna aji.

Ga shugabannin gidan waya, roƙona a sassauta kuɗin ambulan ɗin makarantu, a kuma tattauna da gidan wayar Nijar a samo yadda jakar za ta tsallaka kai tsaye ta Jibiya ko ta Kwangwalam, kada wasiƙar da za ta je garin da ake jin rediyonsa daga nan ta yi zagayen manyan birane. Ambulan biyu a kowane zango sun isa, shida ke nan a shekara ga kowace makaranta. Kuɗin bai kai na fentin aji ɗaya ba. Idan ana neman inuwar da za a rataya shirin a hukumance, akwai Hukumar Haɗin Gwiwa ta Najeriya da Nijar da aka kafa a 1971, mai hedikwata a Yamai, wadda irin wannan aiki ne dalilin kafa ta. Tun da yaran Nijar a Oktoba suke komawa makaranta, ranar 9 ga Oktoba, ranar gidan waya ta duniya, ta dace da aika ambulan na farko.

Ba a manta da malaman da za su ɗauki nauyin ba. Karanta wasiƙa 60 da tantance su aiki ne, a lissafa shi cikin darasin Hausa na mako, kada ya zama ƙarin kaya a kan mai kaya. A ƙarshen shekara masu duba makarantu su kwatanta rubutun yaran da suka shiga da na waɗanda ba su shiga ba. Idan ba a ga bambanci ba, a dakatar, ni ne zan fara cewa na yi kuskure. Idan an gani, sai a faɗaɗa zuwa Daura da Matamai, a ba Sakkwato da Jigawa labari su gwada da Ƙonni da Damagaram, wata rana har unguwannin Hausawa na Kumasi da Yawunde.

Tun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda zai bi ta Daura da Katsina da Jibiya. Yaran da ke gabana yau su ne za su hau wannan jirgi, su ne 'yan kasuwa da jami'an kwastan da malaman gobe a ɓangarorin biyu. Ina so ranar da ɗayansu zai sauka a tashar Maraɗi ya kasance akwai wanda ya san rubutun hannunsa.

Yaron nan na bencin baya yanzu yana sakandare. Kwanan baya muka haɗu a kasuwa, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce har yanzu wasiƙu ukun nan suna cikin akwatin mahaifiyarsa, ya kuma tambaye ni ko ƙannensa za su samu irin wannan dama. Na ce masa zan rubuta wa manya in tambaya. Ga shi na rubuta. Ina roƙonku, don Allah, ku dubi wannan buƙata kafin sabuwar shekarar karatu, ku ba mu takardar izini, sauran aikin mu malamai za mu yi.